Wata bakwai da muka zaunar da Baba

Mahaifina tela ne, shekara 46 ya yi a kan keken ɗinki, yanzu shekararsa 77. Abin da zan rubuta labarin shekara huɗun da suka wuce ne a gidanmu, tun daga daren da ya faɗi a ƙofar banɗaki har zuwa yau, kuma zan bi shi dalla-dalla saboda kuskuren da muka yi irin wanda duk mai tsoho a gida zai iya yi ne da zuciya ɗaya, yana ganin alheri yake shukawa.

Yadda abin ya faro

Mama ta rasu Baba yana da shekara 73, Allah ya jiƙanta. Shekara 48 suna tare. Bai yi kuka a gabanmu ba, bayan sati biyu ya koma shago, mu kuma muka ce alhamdulillahi ya daure. Yana da hawan jini tun da daɗewa amma yana shan magani, idonsa na dama ya fara yana, kunnensa ya ɗan yi nauyi, ban da waɗannan lafiyarsa ƙalau. Mutum ne da kullum yake tafiyar minti 20 a ƙafa zuwa shago, ya sake yin minti 20 a dawowa, sannan kekensa na ƙafa ne ba na lantarki ba, wato wuni yake yana taka shi. A lokacin babu wanda ya lissafa wannan a matsayin motsa jiki a cikinmu, mu wahala kawai muke gani.

Wata huɗu bayan rasuwar, wajen ƙarfe uku na dare ya tashi fitsari, jiri ya ɗebe shi ya faɗi, goshinsa ya bugi bakin ƙofa. An yi masa ɗinki huɗu, hoto ya nuna babu karaya. Amma kusan awa biyu ya yi kwance a ƙasa kafin ƙanina ya ji nishinsa, kuma wallahi waɗannan awa biyun su suka ruɗa mu gaba ɗaya, ni dai na yi kwanaki in na rufe ido shi nake gani a ƙasa shi kaɗai cikin duhu.

Mu huɗu ne 'ya'yansa. Muka zauna, Yaya babba tace shikenan, Baba ya gama wahala, yanzu lokacinmu ne. Babu wanda ya musa. Kuma tsoron namu ba na banza ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, bayan hatsarin mota ita ce ta biyu a mutuwar tsautsayi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka wuce 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Tsoho in ya karye a ƙugu, da yawa ba sa komawa yadda suke.

Sai muka rufe shagon, muka kai keken sito muka rufa masa tsohon zane, muka dawo da Baba gidana. Ɗaki mai banɗaki a ciki, talabijin, kujera mai laushi, da yaro da muka ɗauka musamman don hidimarsa. Ba mu tambaye shi ba fa, gaya masa muka yi. Ya yi shiru, can yace "To, duk yadda kuka gani."

Wata bakwai a kujera

Akwai wata magana da ta zama kamar waƙa a gidan: "Baba zauna, bari a kawo maka." In ya miƙe zai ɗauko ruwa, Baba zauna. In ya ɗauki kofinsa zai kai kicin, a karɓe. In yace zai ɗan fita ƙofar gida, sai a ce rana ta yi zafi, ko yamma ta yi, ko bari yaro ya dawo ya raka ka. Wata rana na shigo na tarar da shi yana ƙoƙarin ɗinke maɓallin rigarsa da allurar hannu, na karɓe nace Baba idonka, bari a kai a yi maka. Tela na shekara 46 nace za a kai wa wani maɓallinsa. Bai ce min komai ba, ya miƙo min rigar, ya juya ya kalli talabijin ɗin da ko jin ta ba ya yi sosai. Har yau in na tuna wannan abin zuciyata takan yi nauyi.

A hankali abubuwa suka fara canzawa, kuma da yake kullum muna tare da shi ba mu gani da wuri ba. Abincin da ake kai masa yana dawowa rabi. Barci da rana, ido biyu da dare, sai aka samo masa maganin barci. Wandunansa suka yi masa yawa, daga kilo 68 ya dawo 61. Tashi daga kujera sai ya dafa hannuwa biyu ya yi yunƙuri sau biyu sau uku. Tafiya ta koma jan ƙafa yana bin bango. Ya fara maimaita tambaya, ya manta wace rana ake ciki, in baƙi sun zo gaishe shi sai ya yi ta gyaɗa kai kawai yana murmushi. Muka ce ciwon mantuwa ne ya kama shi, tsufa ne, jiki da jini. Duk abin da muka gani sai ya ƙara tabbatar mana cewa gara da muka zaunar da shi, muka ƙara tsananta kulawa, shi kuma ya ƙara lalacewa. Garin neman gira muna ta rasa ido ba mu sani ba.

Ranar da hankalina ya tashi sosai ita ce ranar da ƙanwata ta kira shi a waya tace Baba me kake yi, yace mata "Jira nake." Tace jiran wa? Bai amsa ba.

Abin da aka gano a asibiti

Mun kai shi ne a duba ƙwaƙwalwarsa. Likitar da muka samu ta saba duba tsofaffi, kuma abu na farko da ta nema shi ne a kawo mata duk magungunan da yake sha, a leda, har wanda aka sayo ba da takarda ba. Ta zazzage su a tebur, kala bakwai. Biyu daga ciki ashe maganin hawan jini iri ɗaya ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta, ɗaya tsohon likitansa ya rubuta ɗaya kuma an rubuta masa lokacin da ya faɗi, Baba yana ta haɗa su yana sha. Ga kuma maganin barcin, wanda tace shi kansa yana kawo jiri da ruɗewa da faɗuwa ga mai shekaru.

Ta auna jininsa yana kwance, ta sa ya miƙe tsaye ta sake aunawa. Lambar sama ta sauka da fiye da 30. Tace in ta sauka da 20 ko fiye cikin minti uku da miƙewa, to matsala ce da aka sani, jini ne ba ya isa kai da sauri in mutum ya tashi, kuma mai yiwuwa irin wannan ne ya kayar da shi tun farko, tashin dare daga kwance kai tsaye. Wato abin da ya kamata a gyara a wancan lokacin awon jini ne da duba magani da fitila a hanyar banɗaki, mu kuma muka rufe shago.

Sannan ta kawo kujera marar hannu ta jingina da bango, tace "Baba, rungume hannunka a ƙirji, ka tashi ka zauna iya yadda za ka iya cikin daƙiƙa 30." Ko sau ɗaya bai iya ba sai da ya dafa. Tace namiji mai shekara 70 zuwa 74 in ya kasa yin 12, ana sa shi cikin masu haɗarin faɗuwa. Ta yi mana bayani cewa tsokar jiki tana raguwa da kanta tun daga wajen shekara 30, tana ƙara sauri bayan 60, amma babu abin da yake cinye ta kamar zama. Daga baya na karanta wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado na kwana goma kacal, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Kwana goma kenan. Mu wata bakwai muka yi.

Gwajin ƙwaƙwalwar kuwa, da ta matso kusa da kunnensa na hagu tana magana a hankali tana kallon fuskarsa, ya amsa yawancin tambayoyin daidai, har lissafi ya yi mata da ka. Maimaita tambayar da muke gani, rabinsa rashin ji ne, sauran kuma maganin barci da ciwon damuwa. Matar da ya yi shekara 48 da ita ta tafi, bayan wata huɗu muka raba shi da shagonsa da maƙwabtansa da kwastomominsa duk a rana ɗaya.

Kafin mu fita ta yi masa wata tambaya da ban taɓa tunanin likita zai yi ba. Tace "Baba, in ka farka da safe, me kake tashi ka yi?" Yace "Ina jiran dare, 'yata." Ta rubuta wannan a fayil ɗinsa kamar yadda ta rubuta awon jini.

Abin da aka gwada, da wanda bai yi ba

An cire maganin da aka maimaita, aka janye na barci a hankali cikin makonni, don ba a yanke shi lokaci guda. Aka koya masa in zai tashi da dare ya fara zama a bakin gado ya ƙirga talatin. Muka sa fitila a hanyar banɗaki, da ƙarfen dafawa a bango, muka kwashe ƙananan dardumar da suke zamewa. Wannan ɓangaren bai yi wuya ba, cikin wata ɗaya jirin ya ragu sosai. Aka ce a ƙara masa abinci mai gina jiki a kowane ci, ba sau ɗaya a rana ba.

Aka haɗa mu da mai fisiyo, wato ma'aikacin asibiti mai koyar da motsa jiki, wani saurayi mai haƙuri, ya rubuta mana atisaye: tashi da zama daga kujera, ɗaga dunduniya yana dafe da bango, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da 'yar tafiya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, ya yi abin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye. Na tambayi mai fisiyon nace anya bai makara ba? Shi ya ba ni labarin gwajin da Maria Fiatarone ta yi a Boston a 1990, da mutum goma masu shekara 86 zuwa 96 a gidan kula da tsofaffi, aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na sati takwas, tara da suka kammala ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari. Naji daɗin wannan ƙwarai, na dawo gida da ƙarfina.

Sai dai Baba ya ƙi yi. Ba faɗa yake ba, in mai fisiyo ya zo zai yi sau biyu sau uku don kunya, in ya tafi shikenan. Na lallaɓa, na roƙa, wata rana har na ɗaga murya, Allah ya yafe min. Yace min "In na yi ƙarfin, in je ina da shi?" Aikin yanar ido ma da aka ce a yi masa yace a bar shi, abin da ya gani a duniya ya ishe shi. Na'urar ji kuwa ko gwadawa bai yarda an yi ba. Sati uku muna haka, takardar atisayen tana manne a bango babu abin da ya motsa.

Jakar makaranta

'Yata ce, tana da shekara tara a lokacin, zif ɗin jakar makarantarta ya lalace da daddare, tana kuka don gobe akwai jarrabawa. Uwarta tace a sa littattafan a leda kawai. Yarinyar ba ta san dokokin da muka kafa ba, ta ɗauki jakar ta shiga ɗakinsa tace "Kaka, ai kai tela ne, gyara min." Ina tsaye a ƙofa na buɗe baki zan ce ki ƙyale shi ya huta, sai na ga yadda ya karɓi jakar. Ya juya ta, ya bi haƙoran zif ɗin da babban yatsa ba tare da ya kalla ba, yace a kawo masa filaya da kyandir. Ya ɗan matse kan zif ɗin da filaya, gefe da gefe, ya goga kyandir a haƙoran, ya ja sama ya ja ƙasa sau uku, ya miƙa mata. Bai kai minti biyar ba. Ta yi tsalle ta fita.

Da safe ina shirin fita ya kira ni yace "Wai ina kekena?"

A ranar na ɗauko shi daga sito. Ya yi ƙura, bel ɗin ya bushe ya tsattsage, tsatsa ta fara kama ƙasan. Kwana huɗu ya yi yana kwance shi yana gogewa yana ɗiga mai, ya jera ƙananan kusoshin a kan farin ƙyalle, kowanne da inda yake. A kwana huɗun nan ya cinye abincinsa tas, kuma bai yi barcin rana ba.

Ranar da ya zauna zai gwada, abu biyu suka faru. Ya kasa zura zare a allura, ya yi ta gwadawa har hannunsa na rawa, sai jikar ce ta zura masa. Sannan da ya fara takawa, ko minti biyar bai yi ba ƙafafunsa suka gaji, ya tsaya yana haki. Ya daɗe yana kallon keken. Da yamma yace min, aikin idon nan da likita ta faɗa, yaushe za a iya yi? Kuma ka kira min yaron nan mai atisaye.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe daga labarin nan. Mu mun ɗauka sai ya samu lafiya sannan zai koma yin wani abu, shi ya sa muka yi ta tura masa magani da atisaye. A wurin Baba abin juye yake, sai da aka buƙace shi sannan ya nemi ido da ƙafa da kansa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 1976 Ellen Langer da Judith Rodin sun yi wani gwaji a gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka, wasu aka ba su shuka a tukunya aka ce su za su kula da ita, aka kuma bar su su zaɓi wasu al'amuran yau da kullum da kansu, wasu kuma aka ba su shukar aka ce ma'aikata za su kula musu da komai. Bayan wata 18, kashi 15 cikin ɗari ne suka rasu a rukunin farko, kashi 30 a na biyu. Mutanen ba su da yawa, ba za a gina hukunci a kan gwaji ɗaya ba, amma da na karanta shi sai na ga gidana, mu ne ma'aikatan da suke shayar da shukar. Akwai kuma binciken Patricia Boyle da abokan aikinta a Jami'ar Rush da ke Chicago, wanda ya fito a 2010, sun bi tsofaffi sama da 900 na tsawon shekaru, suka ga waɗanda suke jin rayuwarsu tana da manufa sun fi sauran tsira daga ciwon mantuwa na Alzheimer da kusan ninki biyu da rabi. Wannan bai nuna cewa manufa magani ce ba, don yana yiwuwa mai lafiyar ne ya fi jin yana da abin yi, ni dai abin da na gani da idona shi ne wanne ya riga wanne a ɗakin Baba.

An yi aikin idon, cikin kwanaki ya koma zura zarensa. Bayan wata uku yana tashi daga kujera sau 7 ba dafawa, bayan shekara ɗaya ya kai 11. Nauyinsa ya dawo 65. Ba mu sake buɗe shago ba, mun gyara masa wani ɗan ɗaki ta bakin ƙofar gida, yana karɓar gyare-gyare, faci, rage tsawon wando, canza zif, kuma yana karɓar kuɗinsa, don da muka ce ya dinga yi kyauta tunda ba ya buƙata, yace aikin da ba a biya ba mai shi ba ya dawowa ya yi ƙorafi, shi kuma yana so a dawo a yi masa ƙorafi in bai yi kyau ba. Yara biyu na maƙwabta suna zuwa koyo bayan makaranta.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Na'urar jin an saya, amma rabin lokaci tana cikin aljihu, yace ƙarar keke tana damunsa da ita, duk da na gaya masa kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a rahotonsu na 2024 sun lissafa rashin ji da rashin gani cikin abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa. Ya saurare ni, ya sa ta kwana biyu, ya mayar aljihu. Sannan ya sake faɗuwa sau ɗaya, da rana, ya sunkuya ɗaukar almakashi, ya gurje gwiwa. Yaya ta zo ranta a ɓace tace kun gani ko, da yana ɗaki da hakan ba ta faru ba, kuma mutane za su ce mun bar tsoho yana wahala muna da hali. Ban ga laifinta ba, ita ta fi kowa kwana da shi a asibiti wancan karon. Baba ne ya raba gardamar, yace mata "Wancan faɗuwar awa biyu na yi a ƙasa. Wannan da kaina na tashi." Ta yi shiru tana hawaye. Har yau dai ba ta gama yarda ba, kuma gaskiya haɗarin yana nan, mun dai zaɓi mu zauna da shi ne.

Maganar da muke gudu

Bara ƙafafunsa suka fara kumbura, yana haki in ya kwanta sai an tara masa filo. Aka yi hoton zuciya aka ce ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata. Ciwo ne da ake lallaɓawa da magani shekaru, amma ba ya warkewa. Yanzu kullum da safe yana hawa sikeli ya rubuta, in ya ƙaru da fiye da kilo biyu cikin kwana uku to ruwa ne yake taruwa, sai a kira likita. Gishiri an rage sosai, dama ƙa'idar kowa ma ƙasa da giram biyar ne a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Atisaye bai daina ba, likitan zuciyar ma cewa ya yi kar ya daina, a dai rage in numfashi ya yi wuya.

Nan ma mun so mu maimaita halinmu, mun so a ɓoye masa. Shi ya tambayi likitan kai tsaye, aka gaya masa. Bayan sati ɗaya ya tara mu mu huɗu, ya fito da wani littafi irin wanda yake rubuta awon kwastomomi. Ƙanwata tana ganin haka ta fara cewa Baba don Allah ka daina, za ka daɗe insha Allah. Yace "Amin. Amma uwarku ta tafi ba ta samu ta faɗi komai ba, kuka yi ta tambayata abin da ban sani ba. Ku bar ni in faɗi nawa."

A littafin akwai wanda yake bin sa da wanda shi yake bi, har na ƙaramin abu. Akwai wanda zai ɗauki keken. Akwai sunan wani tsohon abokinsa da suka yi shekara 20 ba sa magana, yace a nemo masa lambarsa, kuma an nemo, sun yi awa ɗaya a waya. Sannan ya faɗi abin da yake so in ciwon ya yi tsanani: a yi masa duk maganin da zai sauƙaƙa masa numfashi da zafi, a kai shi asibiti in akwai abin da za a gyara ya dawo, amma in likitoci sun ce babu dawowa, kar a jona shi da injina a ɗakin da ba za mu iya zama kusa da shi ba. Ya zaɓi Yaya ta zama mai magana a madadinsa in ya kasa, ita ɗin da ta fi kowa tsoro, yace saboda ita ce ba za ta yi gaggawa ba. Mun koma wurin likita tare an rubuta.

Da na ɗauka irin wannan maganar sallama ce, kamar mutum ya saki rai. Amma kula da mai ciwon da ba ya warkewa ta hanyar rage masa wahala da sauraron abin da yake so fanni ne mai zaman kansa a likitanci, wanda ya samo asali daga gidan kula da masu irin wannan ciwon na St Christopher da likita Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967. A wani bincike da Jennifer Temel ta jagoranta a Boston, wanda ya fito a 2010, masu kansar huhu da ta riga ta bazu su 151 aka raba biyu, waɗanda aka haɗa musu irin wannan kulawar tun da wuri sun fi samun natsuwa, ciwon damuwa ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma sun fi daɗewa, wata 11.6 a kan wata 8.9. Ciwon Baba daban ne, amma na ga natsuwar. A daren da ya gama karanta mana littafin ya yi barci har asuba, mu ne muka kasa.

Na lura kuma ya rage mutane. Taron da da ba ya wuce shi yanzu sai yace a isar da gaisuwa, amma jikokinsa da yaran da yake koyarwa da abokin nan nasa, waɗannan ba ya gajiya da su. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta daɗe tana nazarin wannan, cewa mutum in ya ga lokacinsa ya taƙaita yakan tattara hankalinsa kan 'yan mutanen da suka fi masa muhimmanci. Don haka ban ƙara matsa masa sai ya fita ba, tunda na ga bambancin wannan da shirun wancan wata bakwai ɗin.

Watan jiya an sake gwajin kujera, ya yi 9, ya sauka daga 11. Ya tambayi mai fisiyon ko za a iya dawo da ɗaya, yace za a gwada. Yana aiki awa uku da safe, in jiki ya yarda ya ƙara ɗaya da yamma. Ya kafa wa kansa doka, ba ya karɓar ɗinkin da zai wuce sati biyu a hannunsa, yace ba ya so ya bar kayan mutane a yanke ba a haɗa ba. Shekaranjiya wata mata ta kawo yadi tace ba sauri take ba, ko nan da wata uku ne. Ya auna, ya rubuta a littafi, ya ja alli a kan yadin, ya miƙa wa 'yata almakashi ta riƙe masa, yace wa matar ta dawo ranar Laraba ta sama.